Idan Masu Shiga Tsakani Sun Tafi, Wa Zai Riƙe Alkawari?

  Ina gaida mutanen Gumel ta Lautai, da na Maigatari bakin iyaka, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar. Ina kuma gaida 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Dungas da Magariya da Damagaram, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke kuma auratayya.

Sharhinmu na yau a kan sulhu ne. Ina nufin irin sulhun da ake ɗauko mutum daga wata ƙasa, ya zo ya shiga tsakanin gwamnati da wata ƙabila, ko wani yanki da ya ɗauki makami yana neman ɓallewa. Kullum muna ji a labaran duniya. An zauna a birni kaza. An rattaba hannu. An gaisa a gaban 'yan jarida. Bayan shekara biyu kuma sai mu ji bindiga ta sake tashi. To, wannan shiga tsakanin yana da amfani kuwa?

Ga amsata tun daga farko, don ku riƙe ta har ƙarshen shirin. Baƙo yana iya zaunar da masu faɗa. Yana iya sa a tsagaita wuta. Amma riƙe alkawari aikin 'yan gida ne. Inda 'yan gida suka riƙe, sulhu ya zauna. Inda suka saki, sai dai takarda.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Gagarawa da wannan magana? Da ruwanmu, malam. Mu mutanen iyaka ne. Fadar Gumel kanta ta taɓa zama a Tumbi, wadda yau take cikin ƙasar Nijar. Raƙumin da ake sayarwa a Maigatari ranar Alhamis, daga arewa yake fitowa. Idan hanyar Agadas ta rikice, kasuwarmu sai ta ji a jikinta. Saboda haka zaman lafiyar can namu ne.

Bari mu fara da gida Najeriya.

A farkon Janairun 1967, shugaban Gana na lokacin, Janar Ankrah, ya gayyaci manyan sojojinmu zuwa garin Aburi. Gowon ya je. Ojukwu ya je. Hassan Usman Katsina, gwamnan Arewa, shi ma yana wurin. Kwana biyu suka yi suna magana, suka tashi da yarjejeniya. Da aka dawo gida, sai kowa ya karanta takardar yadda ta yi masa. Enugu ta ce an amince kowane yanki ya riƙe kusan dukkan ikonsa. Legas ta ce ba haka aka yi ba. Ankrah yana Gana, ba shi da hanyar tilasta wa kowa. Ƙarshen watan Mayu aka ayyana Biyafara. Watan Yuli yaƙi ya ɓarke.

Ba a daina ƙoƙari ba. An zauna a Kampala. An zauna a Yamai cikin Yulin 1968, Shugaba Diori Hamani ne mai masauki, Sarki Haile Selassie na Habasha yana jagorantar kwamitin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. An koma Addis Ababa, an je Monrobiya. Duk ba a dace ba. Dalili ɗaya shi ne ƙungiyar ta riga ta yanke tun 1964 cewa iyakokin da aka gada daga Turawa ba za a taɓa su ba. Don haka Biyafara ta ɗauki mai shiga tsakanin a matsayin wanda ya riga ya zaɓi ɓangare. Yaƙin bai tsaya ba sai a Janairun 1970, a fagen fama, bayan yunwa ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, galibinsu ƙananan yara. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan.

Yanzu kuma mu tsallaka iyaka. Ku ba ni aron hankalinku a nan, don nan ne ƙashin bayan maganar.

A watan Mayun 1990 aka yi ɓarin jini a Cintabaradan, cikin jihar Tawa. Daga nan Abzinawan Nijar suka ɗauki makami. Kukansu a fili yake. Ana haƙar yuraniyom a Arlit, a ƙasarsu, su kuwa ba asibiti, ba makaranta, ba su a soja, ba su a gwamnati. Wasu daga cikinsu suna neman a ba arewa ikon mulkin kanta. Shekara da shekaru hanyar Agadas sai da rakiyar soja.

Ƙasashe uku suka shiga tsakani: Aljeriya, Burkina Faso da Faransa. An yi ta kai da komo a Wagadugu. Ranar 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannu a Yamai, lokacin mulkin Mahamman Usman, ɗan Damagaram. Rhissa Ag Boula ne ya sa hannu a madadin 'yan tawayen. Har yau Nijar tana hutu a wannan rana kowace shekara.

Amma kada ku ɗauka daga ranar komai ya lafa. Wasu ƙungiyoyi sun ƙi shiga. Sai da aka koma Aljeriya a 1997. Tubawan gabas, da ke faɗa ta wajen Kawar da ƙasar Manga, sai a 1998 suka sasanta a Njamena, Chadi ce ta shiga tsakani. Sai a Satumban 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Shekara biyar ke nan bayan sa hannu.

Kuma duk da haka, a 2007 tawaye ya dawo. Matasa ƙarƙashin Aghali Alambo suka kai hari Iferwan, suna cewa ba a cika alkawarin 1995 ba. Shugaba Tanja ya ce shi ba ya magana da 'yan fashi. Shekara biyu ana gwabzawa, ana binne nakiya a hanya, talaka yana takawa. Ƙarshenta Gaddafi ya shiga tsakani a 2009, aka ajiye makamai, aka yi afuwa.

To, ga abin da nake so mu lura da shi. A 2012 wuta ta tashi a arewacin Mali. Kowa ya sa ido ya ga za ta tsallako Nijar. Abzinawa ne nan, Abzinawa ne can. Makaman Libiya da suka malalo bayan faɗuwar Gaddafi, ta sahara ɗaya suka biyo. Amma arewacin Nijar bai ɓalle ba. Me ya hana?

Abin da ya hana shi ne aikin da aka yi a gida, sannu a hankali, bayan baƙi sun koma ƙasashensu. An ɗauki tsofaffin mayaƙa aikin soja da na kwastan da sauran ayyukan ɗamara. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, mutum ya fara ganin ɗan garinsu a kujerar magajin gari. An ware wani kaso na kuɗin ma'adinai don yankin da ake haƙowa. Mohamed Anacko, wanda ya taɓa jagorantar tawaye, ya zama shugaban majalisar jihar Agadas. A 2011 Shugaba Mahamadu Isufu ya naɗa Brigi Rafini, Ba'abzine ɗan Iferwan, firaminista, ya kuma riƙe kujerar shekara goma. An kuma bar hukuma ta musamman a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, aikinta kawai bin diddigin zaman lafiya. Wanda yake da kujera a cikin gida ba ya saurin cinna wa gidan wuta.

Ban ce an gama komai ba. Talauci yana nan a arewa. Bayan juyin mulkin 2023 ma wasu sun sake ɗaukar makami, har aka fasa bututun man fetur a 2024. Amma shekarun zaman lafiyar da aka samu na gaske ne, mun kuma ci moriyarsu a kasuwanninmu. Baƙo ya zaunar da su. 'Yan gida suka riƙe alkawari, ko da rabi da rabi ne.

Sai mu juya Mali, mu ga ɗaya fuskar.

Mali ba ta rasa masu shiga tsakani ba. Aljeriyar nan dai ita ce. Ta zaunar da su a Tamanrasat a 1991. Shekara ta biye aka yi babbar yarjejeniyar ƙasa. An ƙona makamai a Tambutu a 1996, tun kafin Agadas ta ƙona nata. An sake komawa Aljeriya a 2006. Sannan a 2015 aka yi wadda ta fi kowace girma, Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka da ECOWAS da Tarayyar Turai duk suna tsaye a matsayin shaidu.

Ina aka kwana? 'Yan siyasar Bamako da yawa suna ganin takardar a matsayin abin da aka ɗora musu daga waje, hanyar raba ƙasa. 'Yan tawaye kuma suka riƙe Kidal da makamansu, suna cewa sai gwamnati ta fara cikawa. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Ana cikin haka rikici ya gangaro tsakiyar ƙasar, tsakanin Fulani da Dogon, mutanen da ba a kira su teburin ba. A ƙauyen Ogosagu kaɗai, cikin Maris na 2019, an kashe fiye da mutum ɗari da hamsin a dare ɗaya. Ƙarshen 2023 sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tattara suka fita, sojan Mali ya karɓe Kidal da ƙarfi. A Janairun 2024 gwamnatin soja ta ce yarjejeniyar ta mutu. Iyad Ag Ghali, wanda ya sa hannu a Tamanrasat a 1991, yau shi ne jagoran babbar ƙungiyar masu iƙirarin jihadi a yankin Sahel.

Masu sauraro, kun ga abin da nake nufi. Mai shiga tsakani ɗaya, kuka iri ɗaya, maƙwabtan juna. A Nijar an riƙe, a Mali an saki.

Akwai kuma wata cuta, ita ce gaggawa. Mun gan ta a Abuja. Tarayyar Afirka ta tara 'yan Darfur da gwamnatin Sudan, Salim Ahmed Salim yana jagoranta. Da magana ta yi tsawo, manyan baƙi suka iso daga Amurka da Ingila, aka sa wa'adi, aka matsa lamba. A watan Mayun 2006 Minni Minnawi shi kaɗai ya sa hannu daga cikin manyan shugabannin tawaye uku. Abdul Wahid ya ƙi. Khalil Ibrahim ya ƙi. Ƙungiyoyin suka ƙara tarwatsewa, suka koma faɗa da junansu. Mutanen sansanin gudun hijira ba wanda ya tambaye su. Ku dubi halin da Darfur take ciki yau.

Bari in kawo maganar kusa, yadda kowa zai gane. Ku shiga kara a Maigatari ranar Alhamis da hantsi. Ƙura ta tashi, shanu suna kuka, ga Buzu da rawaninsa, ga Bafulatani da sandarsa, ga mai saye ya zo daga kudu da motarsa tana jira. Mai saye ya taya. Mai sa ya ce albarka. Dillali ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya dawo ya ja wancan. A ƙara nan, a rage can, har a ce an sallama. Mai sa bai san mai saye ba. Wataƙila ma ba sa jin harshen juna. Me ya sa suka yarda? Sun yarda ne don dillali yana nan. Idan san nan ya fito na sata, shi za a riƙe. Alhamis mai zuwa yana ƙarƙashin rumfar nan, an san gidansa, an san ubansa. La'adar da ya karɓa, da mutuncinsa ya saye ta.

Yawancin masu shiga tsakani na duniya ba su da wannan. Ana sa hannu su hau jirgi. Idan alkawari ya karye, ba su za a ƙone wa rumbu ba.

A nan wani mai sauraro zai ce, to ai gara a sallame su, kowa ya ji da gidansa. A'a. Ban yarda da haka ba. Idan jini ya shiga tsakanin mutane, da wuya su iya duban idon juna ba tare da na uku ba. Ɗan tawaye ba zai shigo babban birni ba sai wani ya lamunce masa ransa. Ko tsagaita wuta ta wata uku, rayuka take cetowa, abinci yake shiga, mai ciki take kaiwa asibiti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma akwai inda baƙo ya yi abin da ya kamata. A yankin Aceh na Indonesiya, Musulmi 'yan aware sun yi kusan shekara talatin suna yaƙi. Tsohon shugaban Finlan, Martti Ahtisaari, ya zaunar da su a 2005. Suka bar maganar ɓallewa, aka ba su ikon tafiyar da yankinsu da damar kafa jam'iyyunsu. Masu sa ido daga Turai da Asiya suka zauna a ƙasar fiye da shekara guda. Ana karɓar bindiga ana yankawa a gabansu, soja yana janyewa a gabansu, daki-daki. Da aka yi zaɓe, tsohon ɗan tawaye ya zama gwamna. Wannan baƙo ya yi halin dillalin kirki, ya tsaya har kowa ya karɓi nasa.

Sai dai a riƙa tambaya, shi mai shiga tsakanin me yake nema? A lokacin sulhun Nijar, Faransa tana da yuraniyom a Arlit. Aljeriya tana da nata Abzinawan, ba ta son wuta kusa da ita. Gaddafi yana neman a ce shi ne uban sahara. Samun buƙata ba laifi ba ne, wani lokaci ma ita ke sa mutum ya dage. Laifin shi ne a ɓoye ta, ko a fifita ta a kan mutanen da ake yi domin su.

Mun ga wani abu makamancin haka da idonmu, ko da yake rikicin mulki ne, ba na ƙabila ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. Sannan aka tura Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi. A zuwan farko ba su samu ganin Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ba. Ba don an raina su ba, sai don sun zo da sunan ƙungiyar da ke riƙe da bulala. Kwanaki kaɗan bayan haka, Muhammadu Sanusi na Biyu ya shiga tare da Sarkin Damagaram, aka buɗe musu ƙofa. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je, aka saurare su. Su ma ba su warware matsalar ba, gaskiya ke nan. Amma sun sanyaya zukata lokacin da ake kaɗa gangar yaƙi. Mu kuwa a nan mun san abin da rufe iyakar ya yi. Kara ta yi fayau. Direba ya ajiye mota. Mai ɗan tebur ya rasa ciniki. Har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Ba wanda ya tambayi mutumin Maigatari kafin a rufe.

To, yanzu mu dawo gonakinmu, don a nan maganar za ta yi mana amfani.

Alhamdu lillahi, ba mu da 'yan aware a masarautar Gumel. Amma muna da abin da idan aka yi sakaci yake rikiɗewa ya zama faɗan ƙabila. Kowace kaka, garken shanu yana gangarowa daga arewa. An girbe gero, amma wake yana gona, riɗi yana tsaye a bushiya, zoɓo bai gama ba. Burtalin da kakanni suka bari, wani ya nome rabinsa. Yaro ya kwana da gajiya, shanu suka faɗa gona cikin dare. Da safe mai gona ya zo ya ga wahalar daminarsa a ƙasa. Daga nan zuwa zubar da jini, taku kaɗan ne. Idan kuwa aka fara cewa "Fulani sun yi mana" ko "Haɓe sun yi mana", an bar maganar gona ɗaya, an shiga wata. Haka ta faro a tsakiyar Mali. Haka ta faro a Zamfara.

Jihar Jigawa ta yi ƙoƙari a nan. An shata burtali da makiyaya, an kafa famfunan iska don shayar da dabbobi, an kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya. A Nijar kuma hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, kafin ranar ba a yarda dabba ta shiga ba. Waɗannan duka alkawura ne, irin na Yamai, irin na Bamako. Za su yi aiki ne kawai idan an riƙe su. Famfon da ya lalace aka bar shi, alkawari ne ya karye. Burtalin da aka sayar a ɓoye, alkawari ne ya karye. Diyyar ɓarnar da aka yanke a gaban hakimi ba a biya ba, ita ma haka.

Kuma tun da makiyayin nan iyaka yake tsallakowa, dole hukumomin ɓangarorin biyu su riƙa magana. Nijar ta fita daga ECOWAS, amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, mai ofis a Yamai, ba ECOWAS ce ta haife ta ba. Ina kira ga gwamnatin Jigawa da hukumomin jihar Damagaram su zauna kafin kaka, su daidaita ranar sakin gonaki, su sanar da ita a rediyo da Hausa da Fulatanci, kowa ya ji.

Ranku ya daɗe hakimai, da bulamai, da arɗo-arɗo, ku ne masu shiga tsakanin da ba sa hawa jirgi. Idan kun yanke hukunci, ku bi shi har a biya. Kada a zauna sulhu a bar wanda abin ya shafa a waje, ko baƙon makiyayi ne da zai wuce gobe. Malamanmu, ku faɗa a huɗubar Juma'a tun kafin a fara girbi. Ɗan'uwa manomi, kada ka nome burtali, kada ka ɗauki doka a hannunka. Ɗan'uwa makiyayi, kada ka bar wa ƙaramin yaro garke da dare, in an yi ɓarna ka tsaya ka biya. Matasa masu waya a hannu, kada ku tura hoton da ba ku san asalinsa ba.

Jama'a, mu riƙe alkawuranmu tun muna iya sasantawa a zauren bulama, kafin a kai ga ɗauko mana baƙo daga wata ƙasa. Allah Ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya. Allah Ya ba mu kaka mai albarka.